Ramin da ke Bayan Buhun Dusa: Nazarin Asarar Kaji a Wani Gida

Gidan da wannan nazari ya shafa yana bakin gari ne, daidai inda gine-gine suka ƙare, gonaki da ciyayi suka fara. Dattijuwar da ke kiwo a cikinsa ta shafe shekaru tana riƙe da kaji a bayan ɗakinta ba tare da wata asara mai tayar da hankali ba, in ban da ɗan tsako ɗaya ko biyu da shirwa kan sura da rana, abin da duk mai kiwon sake ya saba da shi. A lokacin da matsalar ta fara tana da manyan kaji 16, ciki har da zakaru 2, da 'yan tsaki 17 a ƙarƙashin iyaye biyu. Cikin mako 5 ta rasa manya 9 da 'yan tsaki 11, kuma mafi yawan asarar da dare ta auku, a cikin akurkin da take rufewa da hannunta kowace yamma.

Na ga ya kamata a rubuta lamarin ne saboda matar ba ta yi irin sakacin da aka saba zargin masu kiwo da shi ba. Tana rufe ƙofa, tana share akurki, kuma da ɓarna ta tsananta ta ɗauki matakai har guda 4 a jere. Duk da haka kajin suka ci gaba da mutuwa, domin an yanke hukunci a kan wanda ake zargi tun kafin a duba shaida, sannan aka zuba duk ƙoƙari a bakin ƙofa alhali ɓarawon bai taɓa bi ta ƙofa ba.

Yadda akurkin yake

An gina shi da katako da tsofaffin kwanukan rufi, tsawonsa kimanin mita 3, faɗinsa mita 2. Tsakaninsa da shingen bayan gida akwai ɗan lungu da ciyawa ta cika, aka kuma jibge itace a ciki. Ƙasan akurkin turɓaya ce da aka daddaɓe, katakon bango kuwa a kan ƙasa kawai aka ɗora shi, ba a haƙa masa tushe ba. Akwai taga ɗaya da aka rufe da waya mai laushi, irin mai manyan idanu da aka fi sani da wayar kaji, ƙofar kuma da lanƙwasasshiyar ƙusa ake danne ta. A kusurwar ciki, ta wajen lungun, nan ake ajiye buhun dusa da tsaba, bisa dalilin cewa ruwan sama ba ya kaiwa wurin.

Kafin a shiga labarin ɓarnar, akwai buƙatar a fahimci halin da kaza ke ciki da dare, domin shi ne tushen komai. Idon kaza na rana ne: yana rarrabe launuka da motsi sosai idan akwai haske, amma da duhu ya shiga sai ta zama kamar mai dundumi. Shi ya sa take neman wuri mai tudu ta hau tun kafin magariba, ta lafe, har mutum yakan iya ɗaukarta da hannu ba ta yi wani yunƙurin kirki ba. Dabbobin da ke farauta da dare kuwa, da yawansu suna da wani shimfiɗi a bayan ido da ke mayar da haske kamar madubi, wanda shi ne ke sa idonsu ƙyalli idan an haska su da tocila, ga kuma hanci da kunne masu kaifi. Saboda haka kazar da ke cikin rufaffen akurki ba ta da wata kariya sai bangon da ke kewaye da ita, kuma idan wani abu ya sami shiga, bangon da aka yi don ya tsare ta shi ne zai hana ta gudu.

Ƙananan asarorin da ba a ƙirga ba

A mako biyun farko ƙwai ne ya fara raguwa, sannan 'yan tsaki suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Mai kiwon ta ɗora laifin a kan shirwa, kuma babu wanda ya musa mata, tunda ba a ƙirga 'yan tsakin da yamma balle a san ko da rana suke ɓata ko da dare. Sai da jikanta ya tsinci ɗan tsako a kusurwar akurki da safe, an cinye masa ciki an bar ƙafafu, sannan aka gane ɓarnar a ciki take. Nan take zargi ya koma kan muzurun maƙwabta, wanda aka sha ganinsa yana rakuɓe a kan shinge da almuru. Babu wanda ya tambayi ta ina muzuru zai shiga ɗakin da ke rufe, kuma babu wanda ya tambayi abin da yake dako a wurin. Da an yi tambaya ta biyu, da an gano cewa ɓeraye yake dako.

Daren da aka kashe 5

A mako na 3 aka wayi gari da kaji 5 a mace a cikin akurki, ƙofa a rufe kamar yadda aka bar ta. Dukansu an cije su a ƙeya ko a wuya, ɗaya ce kawai aka ci wani abu daga jikinta, kuma ba a fitar da ko ɗaya waje ba. Akurkin ya ɗauki wani wari mai hawa kai, wanda mutanen gidan suka ɗauka na jini ne da kashin kaji.

Waɗannan alamu suna da ma'ana ga wanda ya san karanta su. Dila ko yanyawa sukan ɗauki kaza sukutum su tafi da ita, sai dai a ga gashi a hanya. Kare yakan yi kaca-kaca da kaji, ya wujijjiga su ya watsar, kuma ba ya shiga sai ya fasa wuri mai girma. Muzuru yakan kama ɗaya ya ja ta gefe, ya cinye tsoka ya bar fukafukai da ƙafafu. Babbar mujiya a kan kazar da ta kwana waje take sauka, kai da wuya ta fi ci. Amma idan aka ga kaji da yawa a mace wuri guda, cizo ƙarami a ƙeya, ga ƙofa a rufe, to hankali ya kamata ya koma kan ƙaramar dabba mai siririn jiki wadda ta shiga ta wurin da kaza ba za ta iya fita ba. Mutane kan ce irin wannan dabba jini kawai take sha, shi ya sa take kashe da yawa ta bar nama. Bayanin da ya fi daidai shi ne motsi ne ke tunzura ta: a daji idan ta kama abu ɗaya sauran sun tsere, farauta ta ƙare, amma a cikin akurki kajin suna ta fuffuka a gabanta babu wurin zuwa, ita kuwa ba ta daina cizo sai motsi ya tsaya.

Ba a yi wannan karatu ba a lokacin. Abin da aka yi shi ne aka rataye fitila mai aiki da hasken rana a bakin ƙofa, aka bar rediyo a kunne har asuba, aka aro kare aka ɗaure kusa da ƙofar, sannan aka barbaɗa maganin ɓera a cikin ɗan nama aka ajiye a gindin shinge domin muzuru. Mushen kajin kuwa aka wurga su bayan shinge, wato aka shimfiɗa wa duk wani mai yawon dare liyafa a nisan taku kaɗan daga akurkin.

An sami kwana 4 lafiya, kowa ya ce fitila ta yi aiki. Gaskiya ne sabon haske ko sabuwar ƙara kan sa dabbar daji ta yi ɗari-ɗari, amma na ɗan lokaci ne, domin da ta ga babu abin da ke biyo bayan hasken sai ta saba da shi. Ga kuma illar da ba a lura da ita ba: hasken da ke ratsawa cikin akurki yana hana kaji samun cikakken duhun da suke buƙata don hutawa. Gubar ce ta fi komai ɓarna. Yawancin maganin ɓera yana aiki ne ta hanyar hana jini daskarewa, kuma wanda ya ci ba ya mutuwa nan take, yakan yi kwanaki yana yawo a raunane, har wani ya kama shi ya ci, gubar ta wuce zuwa jikinsa. A mako na 4 kaza ɗaya ta tono ragowar naman ta ci ta mutu, muzurun maƙwabta ma aka tsince shi a mace, wanda hakan ya jawo ɓacin rai tsakanin gidajen biyu, ya kuma kawar da dabbar da ke rage ɓerayen wurin. Kwana 2 bayan mutuwar muzurun aka sake kashe kaji 2 a cikin akurki, da irin cizon farko, da irin warin farko, ga kare a ɗaure a bakin ƙofa yana ta haushi.

Abin da toka ta nuna

A wannan gaɓa ce jikan ya zo ya kira ni. Na tarar da dattijuwar a zaune kusa da akurkin, ta ce: "Ɗan nan, na rufe ƙofa, na sa fitila, na sa kare, na sa magani. Me ya rage ban yi ba?" Na ce: "Inna, a yi mini haƙurin dare ɗaya, kada a ƙara komai, a dai kwashe kajin a kai su wani ɗaki, a ba ni toka."

Da yamma muka share kewayen akurkin, muka tankaɗe toka da lallausan yashi muka shimfiɗa zagaye da shi, har cikin lungun da ke bayansa, bayan mun janye itacen. Kafin rana ta faɗi na shiga ciki aka rufe ni, domin hanya mafi sauƙi ta gano kafa ita ce mutum ya tsaya a cikin duhun akurki ya ga ta ina hasken waje ke shigowa. Ya shigo ta wurare da dama: ta ƙarƙashin ƙofa inda katako ya lauye, ta tsakanin tudun kwano da katakon da aka ɗora shi a kai, da ta gefen taga inda wayar ta yi tsatsa ta saki ƙusa. Amma babbar kafar ba ta nuna haske ba, sai da muka ɗaga buhun dusa. A bayansa akwai rami mai faɗin kimanin santimita 8 da ya bi ta ƙarƙashin katako ya ɓulla a lungu, gindin buhun a gwaguye, ga kashin ɓera birjik, ga ɓawon ƙwai a bakin ramin.

Da safe tokar ta ba da sauran labarin. Akwai sawun ɓeraye da yawa, da layin da jelarsu ke ja a tsakani. A kansu kuma ga wani sawu dabam da ya zagaya akurkin ya tsaya a bakin ramin. Sawun kyanwa yatsu 4 ne a zagaye, kuma ba ya nuna farce, domin tana janye faratanta idan tana tafiya. Na kare da na dila shi ma yatsu 4 ne, amma da alamar farce a gaban kowane yatsa. Wanda muka gani ƙarami ne, yatsu 5, da dogayen farata a ƙafar gaba, irin na dabbar da ke tono. Da aka haɗa wannan da cizon ƙeya da kuma warin nan, babu sauran wanda za a zarga sai bodari.

Bodari ƙaramar dabba ce baƙa mai fararen zane a baya, tsawon jikinsa bai fi santimita 30 zuwa 40 ba idan an cire wutsiya, nauyinsa kuma da wuya ya kai kilo 1 da rabi. Da dare yake yawo shi kaɗai, kuma idan ya ji barazana yakan fesa wani ruwa mai tsananin wari daga ƙarƙashin wutsiyarsa. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne abincinsa: ɓeraye, ƙwari, ƙadangaru, ƙananan macizai da tsuntsaye. Ke nan ga yadda abin ya ƙullu. Dusar da aka ajiye a kusurwa ta jawo ɓeraye, su suka haƙa ramin, su ne kuma suka riƙa kwashe ƙwai da 'yan tsaki. Ɓera tana haihuwa bayan cikin kimanin mako 3, kwatankwacin kwana 21 da kaza ke yi a kan ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe, don haka wurin da abinci ke kwana a buɗe ba ya daɗewa bai cika da su ba. Bodarin ya biyo warin ɓerayen ne, ya faɗaɗa raminsu, ya faɗo cikin kajin da ba sa gani ba sa gudu. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin a nan buhun dusa ne ya raine shi.

Jikan ya so a haɗa tarko a kashe bodarin. Na hana, kuma ba don tausayi kaɗai ba. Muddin ramin yana nan, kashe wannan ɗaya daidai yake da an kashe maciji ba a sare kansa ba, domin gurbin da ya bari wani zai cike shi, ko ɗan'uwansa ko tunku ko maciji. Kama shi da hannu yana da haɗarin cizo, cizon dabbar daji kuwa kan iya ɗauke da ciwon haukan kare, ban da feshin da ke raɗaɗi a ido. Bugu da ƙari, ƙasashe da dama suna da dokokin da suka taƙaita kashe namun daji ko sa musu guba. Sannan shi kansa, idan yana waje, aikin da muzurun ke yi a kan ɓeraye shi yake yi.

Gyara

Abu na farko da aka yi bai buƙaci kafinta ba: an fitar da abinci daga akurkin aka zuba shi a gangar ƙarfe mai murfi, aka daina barin tsaba ko ruwa a ƙasa da dare, aka tsince duk ragowar gubar, aka haƙa rami mai zurfi aka binne mushen da ke bayan shinge. An sare ciyawar lungun, itacen kuma aka kai shi nesa. Ɓerayen aka bi su da tarko mai dannewa, wanda ake sawa cikin akwati mai ƙaramar kafa yadda kaza ba za ta kai gare shi ba.

Daga nan aka koma kan ginin. An cire wayar kaji gaba ɗaya, domin an yi ta ne don ta hana kaza fita, ba ta hana mai haƙori shiga: kare yana iya yaga ta, ƙaramar dabba kuma tana iya ratsawa ko ta zura hannu ta cikinta. Aka maye gurbinta da ragar ƙarfe mai tauri wadda ba ta saurin tsatsa, mai ido rabin inci, wato kimanin santimita 1.3, kuma ba da lanƙwasa ƙusa aka kafe ta ba, siririn katako aka ɗora a kan bakinta aka buga ƙusa ta cikinsa. Daɓen siminti ne ya fi dacewa da ƙasan akurki, amma da yake ba a sami halin yinsa a lokacin ba, sai aka kwashe turɓayar aka shimfiɗa ragar a ƙasa, aka haɗe ta da bango, aka mayar da ƙasa a kai. Ta waje kuma aka shimfiɗa wata a kwance, faɗin santimita 50 zagaye da akurkin, aka kafe gefenta a jikin bango, aka rufe ta da ƙasa da duwatsu. Hikimar wannan shimfiɗa ita ce dabbar da ke tono a gindin bango take farawa, idan ta ci karo da ƙarfe sai ta matsa gefe ta sake gwadawa a gindin bangon, ba ta ja da baya ta fara daga nesa. Ƙofar aka yi mata dogari daga ciki don kada ta lauye, aka sa sakata biyu, sama da ƙasa, domin ta kusurwa ake ture ƙofa mai makulli ɗaya. A wasu sassan duniya ma sakata ba ta isa sai an haɗa da kwado, kamar a Amurka inda dabbar da ake kira rakun take iya zare sakata da hannuwanta. Sandunan da kaji ke hawa su kwana aka janye su daga jikin taga, aka kuma yi wa iyayen 'yan tsaki akwati mai murfin raga a ciki.

An yi kuskure biyu a cikin wannan aiki, kuma ɗaya daga cikinsu nawa ne. Kajin da suka tsira sun ƙi komawa akurkin, abin da ba baƙo ba ne ga kajin da aka firgita a wurin kwanansu, kuma a daren farko na ce a ƙyale wadda ta haye reshen bishiya, a zatona tudun ya ishe ta. Da safe aka tsinci fukafukanta da ƙafafunta a gindin shinge, an cinye ƙirjin, kuma a wannan karon ne kaɗai alamun suka yi daidai da aikin muzuru, sai dai na daji. Daga ranar aka tsare kajin a cikin akurkin kwana 5 a jere da abinci da ruwa da rana, har suka sake karɓarsa a matsayin wurin kwana, sannan aka mayar da ba su abincin ƙarshe da la'asar a bakin ƙofarsa.

Kuskure na biyu na tsoro ne. Dattijuwar ta sa an toshe kowace kafa da buhuna da leda, har da tagar da aka riga aka sa wa raga. Cikin 'yan kwanaki akurkin ya yi zafi da danshi, iskar nan mai yaji da ke tashi daga kashin kaji, wadda ake kira amoniya, ta taru, idanun kajin suka fara ruwa, wasu suna atishawa. Sai da aka cire ledar, aka buɗe dogayen kafofi biyu a ƙarƙashin rufi, sama da kan kajin, aka rufe su da raga, sannan suka warware. Kaza ɗaya da ta tsira da rauni a wuya an ware ta dabam ana wanke mata ciwon da tafasasshen ruwan gishiri da ya huce, domin kaji sukan bi jini da tsattsaga har su ƙarasa 'yar'uwarsu.

Bayan gyara

Ƙwai ya ɗauke kusan gaba ɗaya bayan hare-haren, bai dawo daidai ba sai da aka yi kusan mako 3. Rufe ƙofa aka ɗora shi a wuyan mutum ɗaya, jikan, tare da sharaɗin ya ƙirga kajin a kan sandunansu kafin ya zura sakata, ya sake ƙirgawa da safe kafin ya sake su. An mayar da karen ga mai shi, fitilar kuma ta koma ɗaki.

Mun ci gaba da shimfiɗa toka sau ɗaya a mako har tsawon wata 2. Sawun ɓeraye ya yi ta raguwa har ya kusa ɓacewa. Sawun mai yatsu 5 ya bayyana sau 3 a watan farko, kuma a kowane karo ya nufi kusurwar da tsohon ramin yake, ya tone ƙasa kimanin santimita 5 har ragar ta fito fili, ya matsa gefe ya sake tonawa, sannan ya bi gindin shinge ya fita. A wata na biyu sau ɗaya aka gan shi, kuma bai tona ba. Ƙirgar yamma ta tsaya a kan 13, manya 7 da 'yan tsaki 6 da suka fara zama sagaru, har zuwa ranar da ɗaya daga cikin iyayen ta sake hawa kwanci a cikin akwatin raga, a kan ƙwai 10.